Shawara: Ina sayen littattafai kala-kala, uwargida ta ce kuɗin cefane nake kai wa takarda

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a nan cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, ina da mata da yara uku. Karatuna na boko ya tsaya a sakandare, amma Allah Ya jarabce ni da son littafi. Duk inda na ga an shimfiɗa su sai na tsaya: tarihi, kiwon kaji, labarin ƙasa, lafiya, ilmin taurari, har da irin na "yadda za ka yi arziki". Yanzu kwali uku ne cike, kuma gaskiya da yawansu ban wuce babi na biyu ba. Uwargida ta ce kuɗin cefane nake kai wa takarda, har ta kai in na sayo sai in ɓoye a shago ƙarƙashin yadukan mutane. Wani abokina da ya yi jami'a kuma ya ce mani karatun tsince-tsince nake yi, wanda ba ya kai mutum ko'ina, in zaɓi fanni guda ko in haƙura. Shin su ke da gaskiya? In kuma ba laifi in ci gaba, ta yaya zan gane littafin da ya cancanci kuɗina?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mutum biyu ka kawo ƙara, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Uwargida ta fi abokinka gaskiya nesa ba kusa ba, don haka da ita zan fara.

Ciyar da iyali wajibi ne a kanka, ba ka bukatar in kawo maka hujja. Littafin taurari kuwa zai iya jira. Amma ba kuɗin ne ya fi damuna a wasiƙarka ba, ɓoyon ne. Ranar da yaron shago ya yi suɓul da baka, ko ita ta biyo ta shagon ta ɗaga wani yadi ta ci karo da littattafai, ba lissafin naira za ta yi ba. Abin da zai zo mata a rai shi ne, to me kuma ake ɓoye mini? Abin da ba haram ba ne kada ka yi masa shigar haram. Ka zauna da ita ka faɗa mata adadi, ka ce ga abin da zan riƙa kashewa a littafi, kuma ba daga kuɗin tukunya zai fito ba.

Sana'arka ma ta sauwaƙa maka wannan. Kasuwar tela ba ta tafiya daidai duk shekara: daga tsakiyar azumi zuwa daren Sallah ko barci ba ka samu, a ɗan ƙara motsawa gab da Babbar Sallah da lokacin bukukuwa, sannan keke ya yi shiru. Ka ware kuɗin littafi daga ribar ɗinkin Sallah, bayan an ajiye hatsi an biya kuɗin makarantar yara. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. A tsakani, duk littafin da ya ba ka sha'awa ka rubuta sunansa a bayan littafin awonka ka wuce. Za ka yi mamakin yawan waɗanda in ka waiwaye su bayan wata uku ba za ka ma tuna abin da ya ja ka gare su ba. Wanda ya ci gaba da yi maka yawo a rai har zuwa lokacin, shi ne naka.

Shi kuwa abokinka, maganarsa ta jami'a ce, kuma a can tana da muhalli. Mai neman takardar shaida dole ya tsaya a fanni guda ya haƙa shi har ƙasa. Kai ba jarrabawa ke gabanka ba. Kuma in ya ce karatun fannoni da yawa baƙon abu ne ko wasa, to ya manta garin da yake zaune. Almajirin zaure a Katsina bai taɓa tsayawa a fiƙihu kaɗai ba. Yana yin nahawu da lugga, yana yin hisabi, domin ba a raba gado sai an san rabi da rubu'i da sumuni da sudusi, an kuma iya haɗa su. Yana leƙa ilmin falaki, domin alƙibla da lokutan salla a sama ake karanta su. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ne ya fitar da Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, a gidan mahaifin shahararren masanin tarihin Masar, al-Jabarti. Abin da ya sa masu nazarin tarihin lissafi ke ambatonsa har yau shi ne rubutunsa kan hatimin lambobi, wanda ko ta tsaye ka tara ko ta kwance ko ta kusurwa, jimla ɗaya za ka samu. A zamanin boko ma haka aka yi. Lokacin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi, ɗan Katsina, yana cikin jagororinsa, hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da Hausa kan lafiya da noma da sana'o'i da tarihi. Ba don 'yan jami'a aka yi su ba. Don manomi da maƙeri da tela aka yi su, magidantan da suka koyi karatu da girmansu.

Ba zan ruɗe ka in ce sanin taurari zai ƙara maka masu kawo ɗinki ba. Amfanin karatu mai faɗi a wani wuri yake: abin da ka karanta a littafi ɗaya shi ke buɗe maka na biyu. Mai karanta tarihi kaɗai zai ji cewa Katsina ta taɓa zama babbar kasuwar ayarin da ke ƙetaro Sahara, daga baya Kano ta sha gabanta, sai ya haddace ya wuce. Wanda ya haɗa da taswira zai ga inda garin ya zauna a bakin hanyar Agadas, ya gane dalilin tashinsa. In ya ƙara da ɗan littafin tattalin arziki, zai ga abin da ya faru da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 bai biyo ta birnin Katsina ba, kaya suka koma gangarawa teku maimakon haurawa hamada. Littafi uku ne daga fanni uku, amma tambaya ɗaya suka amsa.

A nan ne abokinka yake da ɗan abin kamawa, ko da bai faɗe shi daidai ba. Matsalarka ba yawan fannoni ba ce. Kana saye ba tare da tambaya a ranka ba, bangon littafi ne ke kiranka, shi ya sa kake tsayawa a babi na biyu. Mutumin da kajinsa suka mutu a hunturun bara ba ya ajiye littafin kiwon kaji a tsakiya. Kafin ka sa hannu a aljihu ka tambayi kanka: me nake son in sani da ban sani ba? In ba ka da amsa, sha'awa ce kawai, kuma sha'awa aro ya ishe ta.

To, a ce tambayar tana nan, ga ka tsugune gaban mai littattafai. Kai da ba ka yarda a sayar maka da yadi a ƙunshe ba, sai ka warware, ka murza, ka duba bakinsa, ka ɗaga shi a rana, haka za ka yi wa littafi, kuma minti goma ya isa. Kada ka fara da bango, kada ka fara da kirarin da aka rubuta a baya, wannan aikin mai talla ne. Ka buɗe bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin, inda ake sa ƙananan rubutu. A nan za ka ga shekarar bugu, da kamfanin da ya buga, da ko bugu na nawa ne. Ka lura, "an sake bugawa" daban yake da "an yi wa gyara". Littafin 1978 da aka sake bugawa bara, ilmin 1978 ne a sabuwar riga. In an yage wannan shafi, kamar yadda ake yawan samu a na gwanjo, littafin da kansa zai tona shekarunsa. Ka nemi Katsina a ciki: in ya sa ta a Jihar Kaduna, ya girmi 1987. In jihohin Najeriya ba su kai 36 ba, ya girmi 1996. In babu Sudan ta Kudu a taswirarsa, kafin 2011 aka zana ta. Naka na taurari, ka duba ko ya ce duniyoyi tara ke kewaya rana. Tun 2006 masana suka fitar da Pluto daga sahu, suka rage takwas.

Tsufa ba aibi ba ne a kowane fanni, kuma mutane suna yawan kuskure a nan. Littafin nahawu ko lissafi ko waƙoƙi na shekara hamsin ba abin da ya same shi, wani lokaci ma ya fi na yanzu tsari da haƙurin bayani. Tsohon littafin labarin ƙasa ya yi kuskuren jihohi, amma Kogin Kwara bai sauya hanya ba. Inda tsufa ke cutarwa shi ne lafiya da doka da kwamfuta da duk abin da ya shafi farashi. Tsohon littafin lafiya zai ce maka a ba mai zazzaɓin cizon sauro kulorakwin, alhali tun wajen 2005 Najeriya ta bar shi a matsayin maganin farko saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, aka koma haɗin da ake kira ACT. Irin wannan littafi a gida mai yara uku, ko kyauta aka ba ka, karanta shi don sanin yadda jiki ke aiki, kada ka ɗauki magani daga cikinsa.

Bayan shekara sai wuri. Yawancin littattafan gwanjo daga Ingila da Amurka suka taso, don mutanen can aka rubuta su. Littafin lambu da ke koya maka yadda za ka kare shuka daga ƙanƙara, me zai yi wa mai gona a jigawar Batagarawa ko Kaita, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba? Ko wanda aka rubuta don kudancin ƙasar nan sai an yi hattara, ruwansu ba namu ba ne, ƙasarsu ba tamu ba. A harkar noma da kiwo, ƙaramar takardar jagora daga cibiyoyin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wato IAR da NAERLS, ta fi maka ƙaton littafi mai hotuna masu sheƙi, domin kan gero da dawa da wake da gyaɗar wannan yanki suke aiki.

Sannan marubucin. Wane ne shi, me ya ba shi ikon magana a kan wannan abu, kuma yana gaya maka inda ya samo? Akwai dabarar da nake so ka riƙe: ka jarraba shi a inda kai ne gwani. In littafin ya taɓo ɗinki, ko al'adar Hausawa, ko garinku, nan za ka fara karantawa. Wanda ya yi kwaɓa a abin da ka sani, da wace hujja za ka amince masa a abin da ba ka sani ba? A littafin addini, ka ga ko yana faɗin inda hadisi ya fito, ko kuwa "an ruwaito" kawai yake jerawa. A tarihi, marubucin kirki zai bambance maka abin da yake labarin baka da abin da aka samu a rubuce. Labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, alal misali, akwai yadda ake ba da shi a Daura, akwai kuma yadda masana tarihi ke auna shi, kuma duka biyun sun cancanci a sani, muddin ba a cakuɗa maka su ba. Haka labarin yadda Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a zamanin jihadi: yadda ake faɗinsa a nan daban, yadda zuriyar sarakunan da suka koma Maraɗi ke faɗinsa daban. A irin wannan, littafi biyu masu saɓani sun fi guda biyar da ke maimaita juna.

Akwai iri biyu da zan ce ka riƙe kuɗinka. Na farko, littafin magani da ya yi alkawarin warkar da ciwon suga da hawan jini da basir da sanyi duk da ganye ɗaya, ga lambar waya a shafin ƙarshe ta inda za a sayi haɗin. Talla ce, kai kuma ka biya kuɗin buga ta. Na biyu su ne naka na arziki. Ba na ce duk ƙarya ba ne, amma mafi yawansu magana ɗaya ce, ka kashe ƙasa da abin da kake samu ka juya ragowar, aka ja ta har shafi ɗari biyu, da misalan bashin gida da hannun jarin Amurka waɗanda ba su da alaƙa da shagonka. Ka karanta ɗaya ka karanta duka. Ƙaramin littafin da zai koya maka rubuta shiga da fita, ka san nawa zare da wuta da man janareta da ladan yara ke ci a kowace riga, ya fi su kusa da aljihunka.

In Turanci ne, ka buɗe tsakiya ka karanta shafi guda a tsaye. In kalmomin da suka tare ka sun hana ka gane inda aka dosa, mayar da shi, ko da kowa na yabonsa. Ka nemi mai sauƙi a fannin, har da waɗanda aka rubuta don 'yan sakandare. Ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa su suka fi iya bayani.

Sai jikin littafin. Na jabu sun cika kasuwa, musamman na makaranta da na addini. Alamarsu rubutu dishi-dishi, hoto ya zama baƙin tabo, takarda kana ganin bayanta, gam kuma yana ɓarewa tun a hannun mai sayarwa. Ka bi lambobin shafi da yatsa. Ana buga littafi ne a manyan takardu da ake naɗewa, galibi shafi 16 ko 32 a haɗe, shi ya sa in an yi tsallake ba shafi ɗaya ke ɓata ba, sai ka ga daga 48 an faɗa 65, ko ka tarar an maimaita wani sashe sau biyu. Ban da asarar da za ka yi, akwai hakkin marubucin da aka ci guminsa. Lambar ISBN da ke baya, wadda a littattafan Najeriya take farawa da 978-978 kuma Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayar da ita, rajista ce kawai, ba shaidar inganci ba. Masu jabu suna kwafe ta tare da komai, kuma akwai littattafan Hausa masu daraja da ba su da ita sam.

Ko littafi ya tsallake duk wannan, ba lallai ka saya ba. Wanda ya cancanci karatu daban, wanda ya cancanci saye daban. Abin saye shi ne wanda za ka riƙa komawa gare shi: ƙamus, littafin taswirori, na ibada da kake dubawa in mas'ala ta taso, na sana'arka, tarihin garinku, da wanda yara za su taso su tarar. Wanda za a karanta sau ɗaya a rufe, kamar yawancin labarai da tarihin rayuwar mashahuran mutane, a nema aro. Ka leƙa ɗakin karatu na jiha ka ga abin da ke akwai. Ka nemi mutum uku ko huɗu masu irin ciwonka ku riƙa musaya, amma ku ajiye takardar da ake rubuta wa ya ɗauki me, don ka san halinmu da littafin aro. Abokin nan naka ma, maimakon gardama, ce masa ya ara maka mafi sauƙin littafin da ya fara da shi a fanninsa. Waɗanda ake turawa ta WhatsApp kuwa, ka san da yawansu sato su aka yi aka ɗauki hotonsu ba da izinin masu su ba.

Kwalayen nan uku kada su ƙara kwana a ƙasa. Gara ba ta san mai tsada ba, laima kuma tana bin bango da damina. Ka sa kafinta ya buga maka kanta, a ɗaga ta daga ƙasa, a ɗan janye ta daga jikin gini. Ranar da za ka jera su, ka kwaso na shago gaba ɗaya, ka yi aikin a gaban uwargida, kowane littafi ka yi masa tambayoyin da na zayyana. Za ka tarar wasu ba naka ba ne tun asali: ka ba makarantar unguwa, ko ka mayar wa mai gwanjo ya musanya maka. Mai ɗauke da ayoyi ko sunan Allah dai kada ya faɗa hannun mai ƙosai ko mai tsire. Daga cikin sauran ka zaɓi guda uku, kada ka sayi sabo sai ka kai ƙarshen ɗaya, ko ka tabbatar wa kanka dalilin da ya sa ba zai karantu ba. Ajiye littafin banza a tsakiya ba laifi ba ne, in da sani aka yi.

In lokacin saye ya zo, ka tambaye ta ko akwai wanda take so, na girki ne, na tarbiyya, na addini ko labari, a sa shi cikin lissafi. Yaran ma a samo musu nasu daidai shekarunsu. Ba na yi maka alkawarin za ta koma mai son karatu, wataƙila har abada kallon tarkace za ta riƙa yi musu, kuma tana da 'yancin haka muddin tukunya na tafasa.

Na kiwon kajin nan kuma, in har da niyyar gwadawa ka saye shi, kafin ka sayi ɗan tsako ko guda ka kai wa malamin dabbobi ya duba maka babin rigakafi, ya gaya maka wanne ake samu a nan da lokacin da ake yin sa. Lissafin kuɗin abinci da ke ciki ka soke shi da biro, ka je kasuwa ka tambayi farashin buhu na yau. Allah Ya sa albarka a sana'a da iyali.